Jerin da Na Rubuta a Rumfar Albasa

Shekarar da na gama sakandare, jihar Kebbi tana sabuwa fil, har wasu ba su daina rubuta Sakkwato a bayan wasiƙa ba. Sakamakon jarrabawa bai fito ba. Zaman gida a Jega Sabon Gari ya ishe ni, ni ma na ishi kowa, don ba abin da nake yi sai gyara wa mutane magana da karanta takardar magani da ƙarfi. Ranar da na gaya wa babanmu cewa shayinsa ya yi sukari fiye da yadda lafiya ta yarda, a ranar ya ce in tattara kayana in tafi Aliero wurin Gwaggo, ƙanwarsa, in taya ta aikin albasa. Ya ce in tafi da Auta, ƙanwata, tunda ana hutu. Shekararta takwas a lokacin, ga surutu, ga giɓi a baki.

Gwaggo mijinta ya rasu ya bar mata fadama. 'Ya'yanta maza ke noma, ita kuma ke da aikin ware albasa in an kawo gida. A tsakar gida akwai rumfa, a bayanta akwai rudu, wato gadon itace mai rufin ciyawa da ake jibge albasa a kai don ta sha iska har ta yi tsada. Aikinmu shi ne mu zauna mu rarraba: manya na buhu da za su tafi Kudu, matsakaita, ƙanana 'yan miya, sai kuma waɗanda za a hau da su rudu, su ne ake tsananta wa bincike.

Ranar farko na ware tuli guda na jajaye masu sheƙi, na koma gefe ina jiran yabo. Gwaggo ta ɗauki wadda ta fi kyau a ciki, ta danna mata babban yatsa a wuya. Sai ga ruwa baƙi ya tsatso, da wari.

"Wagga ita ce ta ɗaya a aji?" ta ce.

Maƙwabciyarta da ke taya mu, wadda muke ce wa Inna ta Fagada don can aka haife ta, ta yi dariya har ta saki wuƙa.

"Ɗiyata," Gwaggo ta ce, "ba a kallon riga. Wuya za ki danna, ki sansana. Shekara shida kina boko ba a koya miki hanci ba?"

Haka muka yi sati biyu. Hannuna ya yi wari, gashina ya yi wari, har fura in na sha sai in ji albasa. Amma hira a rumfar nan ta fi rediyo. Ba wanda ba a taɓa ba, daga mai unguwa har jakin maƙwabta.

Wata safiya wata mata ta zo daga Maiyama sayen ƙananan albasa, ta zauna shan ruwa, ta ba da labarin wata yarinya mai talla da wani ya cutar a can wajensu. Ba ta faɗi dalla-dalla ba, ba mu kuma tambaya ba. Gwaggo ta aiki Auta ɗebo gishiri a ɗaki tun kafin matar ta kai tsakiya. Bayan matar ta tafi, sai ni na fara zuba ilimina. Na ce ai masu irin wannan mahaukata ne da mashaya, da ka gan su ka gane su.

Inna ta Fagada ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta dubi Inna ta Fagada.

"Ta sake ware mana tulin jajaye," Inna ta ce.

Na ji haushi. Na ce to su faɗa mini, tunda sun fi ni sani. Na shiga ɗaki na ɗauko ragowar littafin darasin noma da biro, na ja layi, na rubuta lamba ɗaya. Ina so in nuna musu yadda ake tsara magana a makaranta.

Gwaggo ta ce akwai na hanya. Shi bai shirya komai ba, bai ma san yarinyar ba, ya dai tarar da ita ita kaɗai tsakanin dawa ko a bakin fadama, ba ido, sai ya zama kura. Inna ta ce akwai mai saye duka: ya tare mai talla ya ce ya saye faranti gaba ɗaya, amma ta shigo zaure ta karɓi kuɗi. Ta ce tun tana yarinya uwarta ta gaya mata, duk wanda ya ce ki shigo, ki bar masa farantin ki gudu, faranti ba ya jin ciwo.

Na rubuta. Na ce lamba uku fa?

Nan suka yi gardama. Gwaggo ta ce wanda aka ba amana, yaro na ƙarƙashinsa, ko ubangida ne, ko mai koyarwa, ko ɗan'uwa na cikin gida, shi da tsoro yake aiki. Inna ta ce a'a, wannan ai iri biyu ne, na gida daban yake, don shi gidan ne da kansa ke rufa masa asiri. Gwaggo ta ce duk tulinsu ɗaya. Suka yi ta ja, har Inna ta ce Gwaggo ko a albasa ma haka take, ta cika haɗa matsakaita da manya don buhu ya yi saurin cika. Na rubuta uku, na sa masa reshe biyu, don a zauna lafiya.

Sai Inna ta ce in rubuta mata.

Na ɗago kai. "Mata kuma, Inna?"

"Mi kika ji na ce? Akwai wadda ba ta taɓa kowa, ita dai kai yara take yi gun masu nema, a ba ta nata. Da maza da mata duk akwai masu wanga aiki. Kuma ba ɗiya mata kaɗai aka cuta ba, har maza. Rubuta, biro bai ƙarewa."

Na rubuta huɗu. Daga nan na ja wani layi a gefe, na rubuta a samansa: yadda ake gane su. Na fara cikawa da kaina: jajayen idanu, ƙazamar riga, rashin salla. Na karanta musu. Gwaggo ta miƙo hannu mai warin albasa ta rufe shafin.

"Shafe wanga. Abu biyu za ki duba. Shina son yaro shi kaɗai, ba kowa kusa? Shina ce ma yaro kar shi faɗa? In kin ga guda, buɗe ido. In kin ga biyu, kar ki tsaya gaisuwa."

Ban shafe ba. Na dai rubuta nata a ƙasan nawa, da ƙananan baƙi, don kar ta ce na raina ta. Na ji daɗin jerin nan ƙwarai. Har karanta shi nake yi in na kwanta hutun rana, ina ganin yanzu duk Aliero ba mai iya yaudarata.

Akwai wani dillalin albasa da ke sayen kayan Gwaggo. Shekara biyu ke nan da ya zo garin, ya kama shago a bayan tasha inda yake tara buhuna. Yara na ce masa Baffa, mu ma haka muke ce masa. Farar riga kullum, turare, magana a hankali. In ya zo sai ya tsaya a zaure ya yi sallama sau uku, ba ya leƙe. Ya kawo wa Gwaggo goro, ya kawo wa Inna maganin ciwon gwiwa daga Jega, ni ya kawo mini tsohuwar jarida don ya ji ina son karatu. Da iska ta yaye rufin rudu, shi ya turo masu gyara. Inna kan ce da za a sami irinsa goma a garin nan da an rufe kotu.

Yana son Auta. Kowa na son Auta, don haka ban ga komai ba. In ya zo, ita yake aike: sayo ashana, kai wa direba saƙo, kawo mini fura shago. In 'yar maƙwabta ta ce za ta raka ta, sai ya ce a'a, su biyu wasa za su tsaya yi, wannan ita ce mai wayo. Mu kuma mu ji daɗi an yabi tamu.

Wanda bai tashi a wajenmu ba sai na yi masa bayani. Yaro na kowa ne, kuma kowane babba na iya aikensa. Kana wucewa ka ga yaro, ka kira shi ka aike shi, ba sai ka san sunan ubansa ba. Yaron da ya ƙi aike kuwa, ba shi kaɗai ake zagi ba, har gidansu. Ni an dake ni a kan wannan, kuma na girma ina ganin dukan ya yi daidai.

Ranar da abin ya faru, ana zafi irin wanda kaji ke buɗe baki. Bayan azahar Baffa ya tsaya a zaure, ya gaida Gwaggo daga nesa, ya ce in ba damuwa Auta ta kai masa fura shago, ya wuce. Gwaggo ta shiga ta kwanta. Inna ta tafi gida. Na dama furar, na kira Auta.

Ta ce cikinta ke ciwo.

Na ce ɗazu da kike cin ƙosai bai yi ciwo ba?

Ta ce, "Yaya, ke ki kai."

Na ce ni budurwa ce zan tafi shagon namiji? Ta ce to a bari sai Gwaggo ta tashi. Na ce kin ga, kar ki ja mana zagi, mutumin da ya gyara mana rudu. Na ɗora mata ƙwarya a ka da hannuna. Na ce in ta zubar sai na gaya wa babanmu. Ta tsaya a bakin zaure ta waiwayo sau ɗaya. Na yi mata tsawa, ta tafi.

Na koma wanki. Na ɗauki zanenta na jiya zan jiƙa, sai na ji ƙulli a gefensa. Na kwance. 'Yan kunne ne, sababbi, masu jan dutse, a cikin 'yar takarda.

Da farko dariya na yi. Sai dariyar ta tsaya. Auta ce fa. Yarinyar da ranar da haƙorinta ya fita sai da ta zaga gida huɗu tana nunawa. Yarinyar da ko kwalbar turare ta tsinta sai ta tashe ni daga barci. Ta sami 'yan kunne ta ƙulle a zane, ba ta gaya wa kowa ba. Wani ya ce kar ta faɗa. Kuma wa ke hana a raka ta?

Wallahi sai da na tsaya. Wannan tsayuwar ita ce ba na yafe wa kaina. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu ina bin jerin nan a kaina. Ba na hanya ba ne. Ba ya sayen talla. Ba a ba shi amanarta ba, ba ɗan gida ba ne. Idanunsa farare, rigarsa fara, sahun gaba yake salla. Bai shiga ko ɗaya ba. Na ce wa kaina in na yi kuskure fa, na kunyata dattijo, na kashe wa Gwaggo kasuwa? Sai na tuna ƙananan baƙin da ke ƙasan shafi, da yadda ta waiwayo a bakin zaure.

Ban san lokacin da na fita ba. Ba takalmi, mayafi a hannu ban yafa ba. Daga baya aka gaya mini wai da albasa a ɗaya hannun na ratsa tasha, ban san inda na ɗauke ta ba. Ƙasa na ƙuna, ban ji ba sai da yamma da tafin ƙafata ya tashi. Layin shagunan ba kowa, duk an gudu wa rana. Ƙofarsa a rufe. Takalman Auta na roba a waje, an jera su.

Na doka ƙofar da ƙafa da hannu, ina kwarara sallama da muryar da ban san ina da ita ba. Na kira sunanta. Na ce Gwaggo na kira, Gwaggo na nan tafe, ga su nan da yayyenmu. Wani mai facin taya da ke barci a ƙarƙashin mota ya ɗago kai. Na ji an zare sakata.

Auta na tsaye a jikin buhuna, ƙwaryar fura har yanzu a hannunta, ta rungume ta a ƙirji. Shi kuma yana murmushi. Ya ce, "Lafiya, malama? Awaki ke shigowa, shi ya sa na tura ƙofa." Muryarsa ba ta ko girgiza ba. Har ya tambaye ni ko na gama karanta jaridar.

 Na kama hannunta muka fito. Ba ta ajiye ƙwaryar ba, da ita muka koma gida, furar na zuba a hanya. Takalman ma mai facin ne ya biyo mu da su.

A gida na zauna a ƙasa a tsakar rana. Gwaggo ta fito. Na ɗauko 'yan kunnen na miƙa mata. Abin da nake tsoro a lokacin shi ne ta ce a yi shiru. Shi ke sayen albasarta, gari kuma na ganin girmansa, mu baƙi ne daga Jega, ni kuma an san ni da yawan magana.

Ta ɗauki Auta ta ɗora a cinya kamar jaririya, ta ce ba wanda zai dake ta, ko mi ta faɗa. A hankali Auta ta faɗa. Sau biyu Baffa yana ba ta kyauta yana cewa sirrinsu ne. Ya ce in ta faɗa, za a ce maƙaryaciya ce, kuma ba zai ƙara sayen albasar Gwaggo ba, ta ruɓe a rudu, laifinta ne. Yau ne ya fara sa sakata. Ya ce ta ajiye ƙwaryar, ta ƙi. Ana cikin haka ta ji muryata.

Gwaggo ta ƙara rungume ta. Sannan ta ce, "Goronsa na ci. Ni da na ce a danna wuya." Ta tashi ta yafa mayafi, ta aika a kira babban ɗanta da Inna.

Inna ta kai Auta wurin ma'aikaciyar asibiti ta duba ta, aka ce Alhamdu lillahi lafiyarta lau. Gwaggo kuwa gidan mai unguwa ta nufa, da ni, da 'yan kunnen, da mai facin da ya ga ƙofa a rufe. Wani dattijo a wurin ya ce a bi a hankali, kar a ɓata sunan yarinya. Gwaggo ta ce sunan wa? Yarinya fura ta kai. Wanda ya sa sakata shi ke da suna a maganar nan. Ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban maza ba sai ranar.

Kwana biyu bayan haka wani ɗan'uwan Inna ya zo daga Liba, ya ji labari, ya ce ai ya san mutumin. Can ya zauna kafin ya zo Aliero, kuma irin wannan ce ta tashe shi. Mutanen can sun ce ya bar gari kawai, a rufa asiri. Da wannan aka haɗa aka miƙa shi ga 'yan sanda. Ban san yadda shari'ar ta ƙare ba, ba a gaya wa irina. Na dai san shagon wani tela ke ciki yanzu. Albasar Gwaggo ta daɗe a rudu a shekarar, wasu suka lalace kafin a sami wani mai saye. Ko sau ɗaya ba ta ambata ba.

Na buɗe littafin nan na shafe layin jajayen idanu har takardar ta huje. Na rubuta lamba biyar: wanda ke fara sayen manyan gida kafin ya kai ga yaro. Na karanta wa Inna. Ta ce in ƙara cewa maganin gwiwarsa ma bai yi aiki ba.

Gwaggo ta kafa doka a gidan. Ba yaron da zai je aike shi kaɗai, sai su biyu, kuma ba shiga ɗakin kowa, a miƙa daga ƙofa. Yaro in bai son zuwa, ba a tilasta shi, a tambaye shi dalili. In babba ya matsa, ya ce Gwaggo ta hana. Unguwa ta yi ta gunaguni, wai za ta lalata yara. Wani tsoho mai sayar da igiya, mutumin kirki ne kuma ba ruwansa, ya zo har zaure yana faɗa, wai ya aiki Auta sayo taba ta ce masa sai an samo ta biyu. Gwaggo ta ce daga ciki, "Gaskiya ta faɗa, Malam. In kana sauri, ga takalmina, tafi da kanka."

Ni har yanzu ban dawo daidai ba. In na ji an zare sakata, ko a gidanmu ne, sai in waiwaya ina neman Auta. In mutum ya cika yi mana kirki sai in kama kaina ina ƙirga sau nawa ya kalli yara, kuma na san yawancinsu ba su da laifin komai. Babanmu ya ce zai wuce. Wataƙila.

Kafin mu koma Jega na sami Auta a bayan rudu tana wasan 'yar carafke. Na durƙusa na ce ta yafe mini, ni na ɗora mata ƙwaryar. Ta ci gaba da wasanta, ta cafe dutse uku, sannan ta ce, "Ai na ce miki cikina na ciwo."

Na ce na ji, ban saurara ba.

Ta ce to ta yafe, amma in ta sake cewa cikinta na ciwo, ko ranar wanke-wanke ce, sai in yarda. Na ce na yarda. Tun daga ranar ni ke wanke kwanonin gidanmu.